Baƙin da na ɗebo wa Iya

Makon jiya aka yi wani suna a unguwar Stapleton, can kan tsibiri, jikata ta ɗauke ni a mota muka je. Da aka watse na ce ta bi da ni ta wani layi da ke gangarawa bakin ruwa, akwai gidan da nake so in gani. Sau biyu muna bin layin, babu gida babu dalilinsa. Inda gidan katakon nan mai koren fenti yake an kafa wani dogon bene, a ƙasansa kuma shago ne da ake sayar da manja da kuka da daddawa. Sai da na yi dariya ni kaɗai. A zamaninmu wa ya ga daddawa a tsibirin nan? Sai wanda ya je gida ya ƙullo maka ita a leda uku, ka riƙa gutsura kamar magani. Yarinyar ta tambaye ni da Turanci me nake nema, na ba ta amsa da Hausa kamar yadda muka saba, ta ji rabi ta bar rabi, ta juya kan motar muka kama hanya.

Lokacin da na san gidan nan ina da shekara ashirin da 'yan kai, ban daɗe da biyo maigidana ƙasar Turawan nan ba. Shi yana tuƙa tasi, muna zaune a ɗaki ɗaya a unguwar Harlem, ni kuma na samu aikin kula da wata tsohuwa. Kullum bayan asuba nake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa har ƙarshen Manhattan, daga nan in hau jirgin ruwa. Har yanzu ina jin kukan ƙahonsa a kunnena, da ƙarar sarƙa idan za a saki gada, da ihun fararen tsuntsayen da ke bin mu a baya. A lokacin ba mai waya a hannu, kallon mutane ake yi, ni kuwa kallo da tambaya su ne abincina. Tun ina ƙarama kakata take ce mini, “Ke dai bakinki ba ya hutawa, wata rana sai kin tambayi kura ina ta sayo haƙora.” Yaran yanzu ba sa tambayar mutum komai, wayarsu suke tambaya, shi ya sa suka san abubuwa da yawa amma ba su san maƙwabcinsu ba.

Tsohuwar nan ban taɓa kiranta da sunanta ba, bakina ya kasa, kuma ba tarbiyyarmu ba ce. Iya nake ce mata, ta tambayi ma'anarsa sau ɗaya, ta ce ya yi. Gajeruwa ce, mai faɗin kafaɗa, kullum da ɗankwali ɗaure a ƙarƙashin haɓa. Ranar farko na yi kuskuren ce mata 'yar Rasha, ta buga sandarta a ƙasa ta ce ita 'yar Belarus ce, ƙasa ce mai harshenta, mai dazuzzuka da fadamu, in ban sani ba in tambaya. Na ce a raina, an zo wurin. Turancinmu mu duka biyu gurgu ne, sai mu haɗa da hannu da ido, kuma muna fahimtar juna fiye da yadda take fahimtar ɗanta. Ɗa ɗaya gare ta, a nan ta haife shi bayan ta sake aure, yana can wata jiha mai nisa, sai ran Lahadi ya bugo waya. Duk ranar da ta ajiye wayar nan sai ta ce, “Yaron kirki ne, amma ba shi zan bar wa ba. Ba ni da wanda zan bar wa.” Na duba gidan, ban ga abin gado ba ban da kujeru da tsohuwar rediyo. Na tambaye ta me za ta bari, ta ce in je in fere dankali.

Dankali kuwa na fere shi a gidan nan har ya fita raina. A dafa shi, a soya shi, a goge shi ɗanye a magogi a matse ruwan a soya kamar waina. Sautin magogin nan da ƙwanƙwasar bututun ɗumama ɗaki su ne kiɗan gidan. Likita ya hana ta naman alade da kitse, wannan ya yi mini daɗi, don ni ce mai cefane ni ce mai girki, tukunya ɗaya muke ci. Tana da halaye da suka riƙa ɗaure mini kai. Idan zan fita ba ta yarda in murɗa makulli ta waje, ko da na minti biyar ne. Idan na raka ta coci a kujerar bakin ƙofa take zama, ni kuma in jira ta a waje, da ta ga mutane sun cika sai ta fito. Ɓawon burodi ba ya shiga shara. Na yi ta tambaya, ta yi ta aika ni ɗauko abin da ba ta buƙata.

Wata ranar kaka, ganye ya gama zuba, ta ce in zo ran Asabar ko da yake ba ranar aikina ba ce, tana da baƙi. Murna ta kama ni, don tun da na zo ban ga an ƙwanƙwasa ƙofar nan ba in ba mai kawo wasiƙa ba. Tun safe muka hau aiki. Na goge ƙasa, na wanke tagogi, muka dafa sha'ir da zuma, muka soya wainar dankali, da ƙwai, da kifi, da miyar kabeji. Ta yi wanka ta sa farar riga mai jan aiki a wuya, ta shimfiɗa ƙyallen tebur da ban taɓa gani ba. Da kanta ta jera faranti bakwai da cokula bakwai, ɗaya ƙarami na katako. Ta tsiyaya giya a ɗan kofi, ta kunna kyandir, sannan ta buɗe taga a cikin wannan sanyi, ta tsaya tana magana da harshenta tana fuskantar waje. Na ɗauka addu'a ce. Ta zauna a gefe ta zuba wa ƙofa ido, ni ma na zuba. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, ko kare bai leƙo ba. Maganin da take sha yana sa ta barci, na kai ta ɗaki ta kwanta.

Na dawo na tsaya a kan teburin nan, tausayi ya cika ni. A garinmu babu abin kunya irin ka yi girki ka gayyaci mutane su ƙi zuwa. Na tuna wata shekara da aka yi wa wata gwaggona haka saboda wani saɓani na dangi, kakata ta yafa mayafi ta bi gida gida tana ɗebo mutane, ta ce tuwon da aka tuƙa don baƙo ba ya kwana a tukunya, kuma wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa. Na ce to, yau ni ce kakata. Na rufe taga, na ɗauke kofin giyar na ɓoye bayan tukwane, na ja ƙofa ban murɗa makulli ba, na hau bas zuwa tashar jirgin ruwa.

A bakin tashar akwai 'yan Nijar masu sayar da agogo da lema da hular sanyi, kullum muna gaisawa. Babbansu wani dattijo ne ɗan Maraɗi mai farin gemu, almajirin malamai ne sosai, shi ke jan su salla.

“Baba, ku zo ku ci abinci,” na ce masa. “Tsohuwata ta yi girki, baƙinta sun watsa mata ƙasa a ido.”

“Subhanallahi! Amma ɗiyata, abincin Nasara hwa? Babu mugun nama ciki?”

“Da hannuna na dafa, Baba.”

“Bon, in haka ne mu tai. Ba a ƙin kiran abinci.”

Suka bar mutum ɗaya yana gadin kaya, su huɗu suka biyo ni. A hanya na biya shagon wata mai kitso 'yar Zangon Kumasi, na ɗebo ta da ƙanwarta da 'yarta mai shekara uku. Na ƙirga, bakwai cif. Har wani fankama nake yi a bas, ina jin yau na yi abin da za a yaba.

Suka zauna, aka yi bisimilla, aka fara ci. Yarinyar ta ɗauki ƙaramin cokalin nan na katako tana shan sha'ir da zuma, har da lashe baki. Ana cikin haka na ji sanda a bayana. Iya ce tsaye a bakin ƙofa. Ta dubi taga a rufe, ta dubi kujerun, ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irinta ba. Cokula suka tsaya a sama.

“Su wane ne waɗannan? Wa ya ce su zauna a nan? Wa ya rufe musu taga?”

“Iya, baƙinki ba su zo ba, shi ne na ce kada ki ji kunya…”

“Sun zo! Suna nan tun ɗazu! Kin zaunar da mutane a kan mahaifiyata!”

Mai kitso ta fizgo 'yarta tana cewa, “Ei, 'yar'uwa, wane irin gida ke nan kika kawo mu?” Dattijon ne kaɗai bai ruɗe ba. Ya miƙe a hankali, ya ja mata kujera, ya ce mini, “Tambaye ta mi ya hwaru. Wannan kuka ba na abinci ba ne.”

Abin da na yi wata takwas ina tono da tambaya bai fito ba, sai ranar ya fito da kansa. Tana faɗa da gurgun Turancinta, ni ina juya musu da Hausa. Ta ce a ƙasarsu akwai ranar kakanni, ana girki a buɗe taga a kira waɗanda suka rigaya su zo su ci. Faranti ɗaya ake ajiye musu, ita ce ta mai da nata bakwai, don nata a rana ɗaya suka tafi. Lokacin babban yaƙin duniya ne, sojojin Jamus sun mamaye ƙasar. Mijinta na fari an ɗauke shi soja tun farkon yaƙin, ba a sake jin labarinsa ba, tana zaune gidan iyayenta da 'yarta. Wata safiya saniyarsu ta ɓace, ta bi sawunta cikin fadama. Tana can ta ji motoci da haushin karnuka. Sojoji da 'yan korensu suka zagaye ƙauyen, suka ce kowa ya fito za a duba takardu, wai mutanen ƙauyen suna ciyar da mayaƙan da ke ɓoye a daji. Suka tura kowa cikin babban rumbun katako da ake tara ciyawar dabbobi, tsoho da yaro da mai ciki, suka rufe ƙofa ta waje, suka cinna wuta. Wanda ya fasa ya fito, harsashi ya tare shi. Ita tana kwance cikin ruwan fadama har wuya, tana jin komai, ta tura ɗankwali a baki don kada ta yi ihu. Da ta fito washegari ba abin da ke tsaye a ƙauyen sai murhunan bulo da dogayen wuyansu na hayaƙi, gida gida, kamar mutane sun tsaya jiran wani. Daga baya ita ma aka kama ta aka kai ta Jamus aikin bauta, daga can ta faɗo nan. Ta ce ba ƙauyensu kaɗai ba ne, ɗaruruwa aka yi wa haka.

Sai ta bi kujerun da sanda tana nunawa. Nan mahaifinta, nan mahaifiyarta, nan kakarta, nan ƙannenta mata biyu, nan ƙaninta. Da ta zo kan ƙaramin cokali sai ta sauke sandar, muka gane na 'yarta ne.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Garin neman gira na rasa ido, na san aikin nan ya ƙare, kuma ban ga laifinta ba. Amma dattijon ya yi abin da ban zata ba. Ya cire takalmansa, ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa a gabanta, sauran maza suka bi shi, matan ma suka gyara lulluɓi suka zauna. Ya ce, “Sannu, Iya. Ya haƙuri? Allah shi ba ki dangana.” Ɗaya bayan ɗaya kowa ya faɗi nasa, kamar yadda ake yi a zauren makoki.

“Me suke cewa?” Iya ta tambaye ni.

“Gaisuwar mutuwa suke yi miki.”

“Bayan shekara hamsin?”

Na juya wa dattijon. Ya ce, “Hwaɗa mata yau muka ji. Wanda ya ji yau, yau zai yi gaisuwa.”

Na juya mata maganarsa. Sannan ta ce babu wanda ya taɓa yi mata, don duk wanda zai yi mata gaisuwar yana cikin rumbun. Ta ce in buɗe taga, na buɗe. Ta ce su koma su ƙarasa abincinsu, mahaifiyarta ba ta taɓa korar mai jin yunwa ba, ba za ta fara yau ba. Da hannunta ta ɗauki ƙaramin cokalin ta miƙa wa yarinyar. Haka muka ci abincin nan cikin sanyi, kowa da rigarsa ta dusar ƙanƙara.

Ba ta kore ni ba. Daga ranar ma sai ta zama ita ce mai neman a tambaye ta, ni kuwa an sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na san yadda ake kiwon zuma a kogon itace, na san waƙar da mahaifinta ke yi in yana wasa lauje, na haddace sunayen bakwai ɗin kamar yadda na haddace ƙananan surori. Ita ma ta tambaye ni yadda muke yi wa namu mamatan. Na ce mu ba ma ajiye musu abinci, masu rai muke ba, ladan ya je musu. Ta jinjina kai ta ce wannan dabara ce ta mutanen da suka san yunwa.

Shekara ta zagayo, ganye ya fara ja. Wata Juma'a ina shirin tafiya gida ta riƙe mini hannu.

“Kin san abin da nake cewa ba ni da wanda zan bar wa? Ɗana ya ce wannan al'adar ƙauye ce. In na mutu babu wanda zai sake tuna an taɓa yin mutanen nan a duniya. Ke za ki riƙe mini su?”

Gaskiya tsoro ya kama ni. Ina yarinya, ina ƙasar mutane, addinina shi ne kaɗai abin da na zo da shi cikakke, ina gudun in taɓa abin da zai ɓata shi. Ga kyandir, ga taga, ga kiran matattu. Na ce, “Iya, bari in tambaya tukuna. Ran Litinin zan ba ki amsa.” Ta saki hannuna a hankali ta ce, “To, tambayi. Ke dama mai tambaya ce.”

Washegari na tako takanas har tashar jirgin ruwa na sami dattijon a kan tabarmarsa, na zayyana masa komai. Ya yi dariya har gemunsa na rawa.

“Ɗiyata, ciyar da mai jin yunwa ne sai an nemi hwatawa? Ki bar taga, ki bar kyandir, kada ki kira kowa. Ki dahwa ki ba masu rai, ki hwaɗa musu labarin waɗanda aka zalunta. Sauran na Allah ne. Da kin ce mata to tun jiya.”

Ran Litinin na hau jirgin farko, amsata a baki. Na tarar da ƙofa a kulle ta waje, abin da ba ta taɓa yarda a yi ba. Maƙwabciyarta ta leƙo ta ce jiya Lahadi aka ɗauke ta zuwa asibiti, ɓarin jikinta ya shanye. Na same ta a gado, idonta biyu, amma nas ta ce mini Turancin ya gudu gaba ɗaya, harshen garinsu kawai ya rage mata, shi ma ba mai jinsa a wurin. Na gwada faɗa mata da Turanci, ta kalle ni kamar yadda ake kallon ruwan sama. Sai na durƙusa na faɗa mata da Hausa, tunda duk ɗaya ne. Na ce, “Iya, na karɓa. Zan riƙe su.” Na jero mata sunayen bakwai ɗin a kunne. Leɓenta ya motsa, ta yi magana mai tsawo da harshenta, ban san ko da ni take ba ko da su. Kwana huɗu bayan nan ta cika.

Tun daga wannan shekarar ban taɓa fashi ba. Duk kaka ina goge dankali in soya, in dafa sha'ir da zuma, in kai ƙofar masallacinmu a unguwar Tremont, duk wanda ya tsaya ya ci sai ya ji labarin ƙauyen da ban taɓa gani ba. Alkawarin na cika shi, wannan ba ya damuna. Abin da ke tashe ni zaune shi ne kwana biyun nan da ke tsakanin Juma'a da Litinin. Tambayoyin da na yi a duniya ba su ƙirguwa, kusan duka na sami amsarsu. Guda ɗaya ce ta rage, kuma babu mai ba ni ita: ko Iya ta ji na ce to.